Kaji a Ɗakin Arɗo

Shekarar da aka rufe boda na riga na shekara shida ina zaman kashe wando, saboda haka da rashin aikin yi ya shigo unguwarmu gaba ɗaya, ni kaɗai ya tarar da ƙwarewa. Direbobi, 'yan kamasho, masu lodin shanu, masu sayar da igiya, duk suka dawo bakin titi suna zare ido kamar an yi musu mutuwa. Ni kuwa har tausayinsu nake ji, irin na tsohon hannu ga sababbin shiga. Na san inuwar da ke kaiwa la'asar ba ta gushe ba. Na san shagon da za ka sa cajin waya ba a harare ka ba. Na san yadda ake amsa gaisuwar ya aiki da alhamdu lillahi ba tare da an ƙifta ido ba. Diflomata ta harkar kasuwanci tana cikin leda a ƙarƙashin katifa, ita ma tana hutawa.

Cikin sababbin shigar har da mahaifina, wanda muke kira Baffa. Shi fatoma ne, kamar yadda kakana ya kasance. Idan makiyayi ya koro dabbobinsa daga Nijar zai sayar a kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis, ba ya faɗawa kara, wato filin cinikin dabbobi, kai tsaye kamar mara gata. Gidan fatomansa yake sauka tun ranar Laraba. A ba shi ɗaki, a ba shi tuwo, a shayar masa da dabbobi, washegari fatoma ya shige gaba ya yi masa ciniki, ya shaida cewa saniyar nan ba ta sata ba ce, in rigima ta taso ya tsaya masa. Ba kuɗin ɗaki, ba kuɗin abinci. In an sayar a ba fatoma la'adarsa, in ba a sayar ba a rabu da fatan alheri. Na taɓa yi wa Baffa bayani cewa a duk littattafan da muka karanta babu irin wannan tsari, na ka ciyar da mutum kwana biyu a kan ƙila. Ya ce to, a gai da masu littafin.

Mu Fulanin gida ne. Shanun kakana sun ƙare a wani fari, ya shigo gari da sanda da harshe biyu, ya ga harshen ya fi sandar amfani, ya zauna a bakin gari ya zama fatoma. Tun daga nan ba mu da wurin tsayawa. Mutanen gari Fulani suke ce mana, Fulanin daji kuma su ce mana Haɓe, wato Hausawa. Wannan ba ya damun kowa sai ranar rubuta sunaye. In tallafin 'yan kasuwa ne, a ce mu jira na makiyaya. In na makiyaya ya zo, a tambaye mu ina shanunmu. Na taɓa hawa babur har Gagarawa Tasha saboda an ce ana ɗaukar ma'aikata, na tarar da mutum ɗaya a gindin bishiya, shi ma jin labarin ya yi ya zo.

Ɗakunan baƙi uku ne a gidanmu, a jere kusa da zaure. Ɗaya rufinsa ya rufta da damina ba a gyara ba. Ɗaya ni na mamaye shi tun da na dawo daga makaranta, don mai difloma ba ya kwana da ƙannensa. Na ukun, wanda ya fi girma da iska, ƙofarsa tana kallon filin turaku, ɗakin Arɗo ne. Arɗo dattijo ne daga can gaba da Dungas a Nijar, shugaban mutanensa, kuma ya fi shekara talatin yana sauka a wurin Baffa. Inda ya sauka nan jama'arsa ke sauka, ba a ma tattaunawa. Wani lokaci sai ya yi wata biyu bai zo ba, amma kayansa suna ciki: buzun salla, bargo, butar shayi, malfa, da igiyoyi a rataye jikin ƙusa. Babu wanda ke kwana a ciki ko da gidan ya cika. A sana'ar Baffa, ɗakin baƙo na baƙo ne, ko yana nan ko ba ya nan, kuma fatoman da babban baƙonsa ya tashi daga gidansa ya koma wani, to ya gama. Sauran ba za su tambayi dalili ba, bin sa za su yi.

Baffa bai iya rashin aiki ba ko kaɗan, ya ba ni kunya. Duk ranar Laraba sai ya share ɗakin Arɗo, ya kakkaɓe bargon, ya cika randar filin turaku da ruwan da babu dabbar da za ta sha. Ranar Alhamis ya sa babbar rigarsa ya tafi kara, ya gaisa da takwarorinsa da su ma suka sa manyan riguna, su tsaya su kalli akuyoyin cikin gari, ya dawo. Akwai masu shigo da dabbobi ta hanyar daji a lokacin, kuma wasu fatomomin sun bi. Baffa ya ce shi ba ya karɓar baƙo a ɓoye. Rediyo kuwa kullum tana gaya mana cewa don amfaninmu aka yi, mu ƙara haƙuri, alheri yana tafe. Muka yi ta ƙarawa. Inna, mahaifiyata, ta fara tuƙa tuwo da dabara, miya kuma ta koma abin da ake ganin gindin kwano ta cikinsa. Lambar Arɗo ba ta shiga. Duk da haka in an yi zancen halin da ake ciki, abu ɗaya Baffa ke cewa, in Arɗo ya dawo kowa ya dawo.

Ana cikin haka sunana ya fito a wata bita a Gumel. Wata ƙungiya ce ta zo farfaɗo da tattalin arzikin matasan kan iyaka, kuma daga baya na gane an ɗauka ni ɗan wani ne mai suna irin na Baffa. Ban gyara musu ba. Kwana uku muka yi a wani ɗakin taro mai fanka, ana koya mana dogaro da kai, ana ba mu lemo da biskit. Malamin bitar matashi ne mai ƙamshin turare, wanda da ganinsa bai taɓa kama kaza da hannunsa ba, amma ya faɗi wata magana da ta zauna mini a kai. Ya ce duk kadarar da ba ta kawo riba matacciya ce, kowa ya koma gida ya duba matattun kadarorinsa. Na rubuta, har na ja layi biyu a ƙasa.

Ranar rufewa aka ba mu riga da hula masu tambari, aka jera mu don ɗaukar hoto. Kwalin 'yan tsaki ɗaya ne, shi ake miƙa wa kowa ya riƙe ya yi murmushi a ɗauka, sai a karɓe a ba na baya. Kafin layi ya zo kaina 'yan tsakin sun gaji da kuka, sun sallama wa Allah. Na dawo gida da satifiket, na sa shi kusa da yayarsa difloma a ƙarƙashin katifa. Amma gaskiya a faɗe ta, bayan wasu makonni sai ga kira, aka ce mu zo mu karɓa. Kuma aka ba mu, 'yan tsaki masu ƙwai da buhunan abincinsu na farko. Na fi kowa mamaki, ina jin har da su masu bayarwar.

Sai maganar inda za a zuba su. Ɗakin da ya rufta ba ya gyaruwa da hannu wofi. Ɗakina kuwa ko a raina ban kawo ba, ina zan kai katifa da takardu biyu? Daidai lokacin aka yi wa Baffa rasuwa a Sule Tankarkar, ya tafi zaman makoki na kwana uku. Na tsaya a tsakar gida na duba matattun kadarorinmu, kamar yadda aka koya mini, ido kuwa ya sauka inda ya daɗe yana son sauka.

Inna ta ce in jira Baffa ya dawo. Na ce mata 'yan tsaki ba su san zaman makoki ba. Na tattara buzun da bargon da butar da malfar na cusa a buhu, na tura ƙarƙashin gadonta. Na baza buntun shinkafa a ƙasa, na kafa fitila, na jera kwanukan ruwa. Kafin magariba ɗakin Arɗo ya fara kawo riba, ko dai ya fara wari, a lokacin ban iya bambancewa ba.

Da Baffa ya dawo bai yi faɗa ba, da ma ba ya yi. Ya tsaya a bakin ƙofar ya daɗe yana kallo, sannan ya tambayi inda kayan mutumin suke. Na gaya masa. Na kuma ɗora da bayanin matacciyar kadara, da misalai, kamar yadda aka yi mana a Gumel. Ya saurara har na gama.

"Arɗo dai bai mutu ba," in ji shi. "Aro ka yi. Ranar da mai ɗaki ya zo, ya same shi yadda ya bar shi."

Na ce in sha Allahu, irin wadda muke faɗa in muna son a rufe magana.

Da kajin sun mutu da labarin ya fi sauƙin bayarwa. Ba su mutu ba. Sun girma, sun yi ƙiba, suka fara zuba ƙwai kamar an aiko su. Masu shayin tasha suka san ni, kullum da safe ina ɗaure da kiret a bayan keke. Miyar Inna ta dawo da kaurinta, har nama ya riƙa leƙowa. Kuɗin makarantar ƙannena ya daina zama abin raɗa. Ba zan ƙaryata ba, kajin nan su suka riƙe gidan, kuma na tabbata kowa ya san haka, don ban bari an manta ba. Muryata ta ƙara ƙarfi a tsakar gida. A majalisa na koma mai wa'azi, ina gaya wa mutanen da muka shekara shida muna kashe wando tare cewa matsalar matasanmu lalaci ce. Suka sa mini suna Manaja, na ɗauka yabo ne. Mutanen ƙungiyar suka dawo suka ɗauke ni hoto a ƙofar ɗakin, da hular nan mai tambari, suka ce ni ne abin koyi. Baffa yana zaure lokacin, suka roƙe shi ya ɗan matsa don kada ya fito a hoton. Ya ja tabarmarsa ya matsa.

Yana cin tuwon kamar kowa, bai taɓa cewa ba ya so ba. Amma ya daina bi ta gaban ɗakin, sai ya zagaya ta bayan randa in zai shiga cikin gida. Na lura, na kuma yanke wa kaina hukunci cewa warin ne ke damunsa.

Daga baya aka buɗe boda. Rediyon da ta gaya mana rufewar alheri ce ita ta gaya mana buɗewar ma alheri ce, da murya iri ɗaya. Tireloli suka dawo, kara ta fara cika, aka ce tattalin arziki ya farfaɗo. Ya farfaɗo ɗin, amma bai gane wasu daga cikin mutanensa ba da ya buɗe ido. Samarin dillalai yanzu hoton sa ake turo musu a waya tun yana Nijar, su tura wa mai saye a kudu, a gama ciniki kafin dabbar ta ga Maigatari. Babu mai bukatar tuwon kowa. Masu bukatar fatoma sai irin su Arɗo, waɗanda ba sa yarda da cinikin da ba a riƙe hannu ba. 'Yan tsirarun jama'arsa da suka fara shigowa sukan leƙo zaure su gaisa, su tambaya ko Arɗo ya iso, in an ce bai iso ba su wuce. Jira suke su ga inda zai sauka.

Duk ranar Asabar Baffa yakan ce mini lokaci ya yi, a kwashe kajin, a kankare ƙasa, a yi shafe, ɗakin ya sha iska. Ni kuma ina da amsa kullum. Kaza mai ƙwai in aka canza mata wuri takan daina yi na wani lokaci, wannan gaskiya ne, na riƙe gaskiyar nan da hannu biyu. Na ce zan gina musu keji a filin turaku mako mai zuwa. Na sayo kwano falle biyu na jingine da bango don su zama shaida. Suka yi wata biyu a nan suna shaida. A raina kuwa na gama lissafi: mutumin da ya shekara da shekaru ba labari, lambarsa ba ta shiga, ƙila ya rasu, ƙila ya samu wata kasuwar. Ban faɗa a fili ba, ina da tarbiyya.

Wata Laraba bayan la'asar ina wanke kwanukan ruwan kaji na ji sallama a zaure, da wata murya da na sani tun ina yaro. Na leƙa. Arɗo ne, a tsaye da sandarsa da wata 'yar jaka a kafaɗa. Ya rame, gemunsa ya yi fari fat. Ban ji kukan dabba a waje ba, na ɗauka 'ya'yansa suna tafe da su a baya kamar yadda aka saba.

Ban taɓa ganin Baffa ya tashi da sauri irin na ranar ba. Ya riƙe hannun mutumin ya ƙi saki, suka shiga gaisuwa da Fulatanci, gida, jiki, ruwa, hanya, wane da wane, su kai ƙarshe su sake komawa farko. Baffa ya zaunar da shi, ya ƙwala wa Inna kira a kawo fura, a ɗora tukunya. Yana yi yana waiwayowa yana kallona, kallon da ke cewa in yi wani abu. Me zan yi? Kaji sama da ɗari ne, da buntun wata da watanni. Na tsaya da kwano a hannu, ni abin koyi.

Arɗo ya sha furar, ya yi hamdala, ya ce bari ya ajiye jakarsa. Baffa ya ce ya ɗan ƙara hutawa, amma ya riga ya miƙe. Ƙafarsa ta san hanya. Ya bi ta gaban randa, ya isa ƙofar, ya tuɓe takalmansa, ya yi bismilla ya tura.

Warin ne ya fara fitowa, sannan hayaniyar. Wata kaza ta bi ta kan ƙafarsa ta fice tsakar gida. Ya daɗe yana kallon ciki, har ƙusoshin da igiyoyinsa ke ratayawa ya kalla. Sannan ya jawo ƙofar ya rufe a hankali don kada sauran su fito, ya mayar da takalmansa. Ya tambaya kajin na wane ne. Na ce nawa ne.

"Su ke riƙe da gidan?"

Baffa ya sunkuyar da kai. Ni na amsa, na ce da ikon Allah, kuma Allah ya sani har a wannan lokacin akwai ɗan alfahari a muryata. Arɗo ya sa mini albarka, ya ce na yi abin kirki, ɗa nagari ke nan. Sai ya juya ga Baffa ya ce da ma gaisuwa ce ta kawo shi, ya riga ya sauka a wani wuri tare da mutanensa, jakar ma mantawa ya yi ya taho da ita. Baffa ya ce ga ɗakinsa na cikin gida, yanzu za a gyara. Ya ce ko kuma ɗakin da nake kwana, a fitar da katifar. Ya haɗa shi da Allah ya tsaya ko tuwo ya ci, ga tukunya a wuta. Arɗo ya yi ta godiya, ya ce ana jiransa. Abu ɗaya ya nema, bargonsa in yana nan. Inna ta zaro shi daga buhun ta kawo. Baffa ya raka shi har bakin titi, ya dawo shi kaɗai.

Kowa a gidan ya fahimci abin da ya faru: Arɗo ya koma wani fatoma. Washegari Alhamis Baffa bai sa babbar riga ba, bai je kara ba. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin haka ba, ko ranar da yake zazzaɓi. Ni kuwa na tashi da hujjojina a shirye. Na gaya wa Inna cewa mutumin nan da ma ya riga ya yanke shawara tun kafin ya ga kajin, da bakinsa ya faɗa. Shekara talatin ana ciyar da shi, ƙarshenta ga sakayya. Kasuwa ce, kowa inda ya fi masa yake zuwa, haka aka koya mana. Inna ta ci gaba da tankaɗenta. Na ɗaure ƙwaina a keke na fita da ƙwarin gwiwar wanda aka wanke.

Mai shayin da nake kai wa a tashar kusa da kara shi ya fara ɓata mini rana. Yana jera ƙwan yana tambayata ko lafiya baƙon Baffana ya kwana a barandar masallacin tasha. Na ce ba shi ba ne. Ya ce shi ne mana, dattijo mai farin gemu da bargo, wa bai san Arɗo ba a nan? Ya nuna mini wajen lodi da haɓa.

A can na same shi, a saman tirela. In an loda shanu za a kai kudu, akwai masu bin motar, suna zaune a kan katakon sama kwana biyu ko uku, rana da ruwa. Aikinsu in saniya ta faɗi su dira cikin ƙahonni su tashe ta kafin 'yan'uwanta su tattake ta. Aikin samari ne masu ƙarfi a jika, waɗanda suka rasa abin yi, kuma ko ni da na shekara shida a zaune ban taɓa yarda na yi shi ba. Arɗo yana can sama da sandarsa, ya naɗe bargon ya zauna a kai.

Da ya gan ni ya sauko a hankali, yana neman wurin sa ƙafa. Bai ɓoye mini komai ba, ya faɗa kamar mai ba da labarin wani. Shanu sun ƙare. Wasu an sayar a wulaƙance lokacin da ba hanya, don a sayi hatsi da dusa, wasu ciwo ya kwashe, ragowar ɓarayi suka kore su a dare ɗaya. 'Ya'yansa sun bazu neman abinci. Jama'ar da ke jiran su ga inda zai sauka ba su sani ba, don ya daɗe da barin rugarsu. Ya zo ne da niyyar ya zauna wurin Baffa na ɗan lokaci, ya riƙa bin sa kara, ko riƙe igiya ne ya yi, har Allah ya kawo mafita. Ba shi da wani gida a cikin wani gari sai wannan ɗakin.

Na ce ya taho mu koma, yau ɗin nan zan kwashe kajin, kafin magariba ɗakin ya zama nasa. Na rantse masa. Ya yi murmushi ya dafa kafaɗata.

"Ba zan kori abincin gida in kwanta a wurinsa ba," in ji shi. "Kuma kada ka gaya wa Baffanka. Gara ya ce na yi masa butulci da ya ce ya kasa saukar da ni."

Direba ya danna hon. Arɗo ya ce kamiyo, wato babbar mota, ba ya jira, ya juya ya kama ƙarfe ya hau. Wani saurayi ya miƙo masa hannu daga sama ya ja shi. Na tsaya riƙe da keke har motar ta hau titin Gumel.

A hanyar gida na yi amfani da ilimina. Na auna riba da asara. In na yi shiru, kaji suna nan, ƙwai yana nan, laifi yana kan Arɗo, kuma shi da kansa ya ba ni izini, har ma wasiyya ce, cika ta lada ne. In na faɗa, ba zai dawo da motar ba, sai dai ya ƙara wa tsoho ciwo. Ko ta ina aka duba shiru ya fi riba. Na shiga gida da wannan sakamako, kuma ya riƙe ni har la'asar.

Abin da ya karya ni Baffa ne. Na same shi a zaure bayan salla, ya kira ni na zauna. Ina jiran faɗan da ya kamata a yi mini tun jiya, sai na ji yana nema wa Arɗo uzuri. Ya ce kada in riƙe mutumin a raina. Ya tsufa, jiki yana son wuri mai kyau, yanzu akwai fatomomi masu ɗaki da siminti da fanka. Ya ce in dai an yi masa ciniki na gaskiya a can, ba a cuce shi a farashi ba, shi ke nan. Har yana tunanin ya aika wa sabon fatoman cewa Arɗo ba ya cin yaji, don kada su wahalar da shi.

Ban san lokacin da na fara ba. Na gaya masa barandar masallaci, da tirela, da shanun da suka ƙare, da abin da ya kawo mutumin, har da roƙon da ya yi mini na kada in faɗa. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma ina jin ba zan ƙara ba. Na gama ina jiran ya zage ni, ko ya tsine mini, ko ya ce in kwashe kajin in bar masa gida. Da ya yi ɗaya daga ciki da na samu sauƙi.

Ya daɗe yana kallon ƙofar zaure. Sannan ya tambaya, a hankali:

"Ya ci abinci kafin su tashi?"

Na ce ban tambaya ba. Da kuɗin ƙwai a aljihuna, ga mai shayi taku kaɗan, ban tambaya ba.

Baffa ya gyaɗa kai. Ya sa hannu ya share fuskarsa, ya gyara zaman hularsa.

"Je ka ba kajinka ruwa," in ji shi. "Yau an yi rana."

Na tashi na je na ba su.